Babi na Shida: Burodi Mai Rami a Martos

Idan gari zai yi bikin abin da ya ɗaukaka shi, yawanci abinci mafi tsada yake fitarwa: a yanka, a soya, a cika faranti har ya zuba. Mutanen Martos, a kudancin Sifaniya, ba haka suke yi ba. Ranar 8 ga Disamba ta kowace shekara, tun daga 1981, sukan shiga layi cikin sanyi, manya da yara, mai gona da wanda ba shi da ko bishiya ɗaya, don karɓar wata 'yar jaka. Abin da ke ciki bai wuce burodi guda, da 'yar kwalbar man zaitun, da yankan kifi mai gishiri, da 'ya'yan zaitun kaɗan ba. Dubbai ake rabawa, kyauta, kuma shi ke nan abincin bikin.

Suna kiransa hoyo, wato rami, kuma cinsa yana da ƙa'ida. Za ka yanke saman burodin da wuƙa, ka sa yatsa ka ƙwaƙule tsakiyarsa, ka tsiyaya mai a ramin har ya kusa cika, sannan ka mayar da abin da ka ƙwaƙulo ya toshe bakin ya sha man. Kifin ba a dafa shi. Busasshe ne, gishiri ya ratsa shi, sai ka riƙa yagowa kana haɗawa da loma. Baƙo yakan gane kansa da wuri, don man yakan bi ta gwiwar hannunsa ya ɓata masa riga. Ɗan gari kuwa yakan ɗan sunkuya, ya ware ƙafafu, duk abin da zai ɗiga ya ɗiga a ƙasa.

Wannan ba abincin attajiri ba ne, kuma bai taɓa zama ba. Guzurin ɗan ƙwadago ne, wanda ake ƙunshewa da asuba a tafi da shi gona, don ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar kwano, ba ya lalacewa kafin azahar. Garin da ke kiran kansa mahaifar zaitun, yana kuma iƙirarin babu garin da ya kai shi samar da man a duniya, shi ne ya zaɓi wannan ƙunshi ya zama tambarin bikinsa. A ganina nan ne darajar bikin take, nan ne kuma ya kamata a tuhume shi.

Martos gari ne mai mutane kimanin 24,000, a lardin Jaén na yankin Andalusiya, yana kwance a gindin wani dutse mai tsini da ya haura mita 1,000 daga doron teku. Wanda ya hau kan dutsen ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, abu ɗaya zai gani: bishiyoyin zaitun a jere, sahu-sahu, suna hawa tudu suna gangarawa kwari har inda ido ya gaza. Ana ƙiyasta lardin Jaén kaɗai yana da bishiya miliyan 66. A shekarar da damina ta yi kyau, kusan kashi ɗaya cikin biyar na man zaitun ɗin duniya daga wannan lardi yake fitowa, abin da ya kan zarce na ƙasar Italiya gaba ɗaya. Kusan dukkan bishiyoyin iri ɗaya ne, wanda ake kira picual, mai mai da ɗan ɗaci da yaji a maƙogwaro, wanda ba ya saurin lalacewa. A wasu wuraren ma da sunan Martos ake kiran irin.

Masu jawabin biki suna son su ce abin ya samo asali tun zamanin Rumawa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Martos ta kasance mazaunin Rumawa mai suna Tucci. A birnin Rum kuma har yau akwai wani tudu da ake kira Monte Testaccio, mai tsayin kusan mita 35, wanda ba ƙasa ba ce ba dutse ba ne: fasassun tulunan mai ne aka tara, kimanin miliyan 53, mafi yawansu daga kudancin Sifaniya aka yi jigilarsu. Bayan Rumawa, Musulmin Andalus sun riƙe noman, sun inganta ban ruwa, kuma Ibn al-Awwam na Ishbiliya ya yi dogon bayani a kan dashen zaitun da kula da shi a littafinsa na noma a ƙarni na 12. Almajirin da ya taɓa durƙusawa a zaure yana haddar Alfiyya ya riga ya san wannan lardi ba tare da ya sani ba, domin Ibn Malik, mai littafin, Jayyani ake yi masa laƙabi: a Jaén aka haife shi, kafin ya yi ƙaura gabas ya rasu a Dimashƙa a 1274. Martos ta faɗa hannun sarkin Kastila, Fernando na Uku, a 1225, birnin Jaén kuma a 1246.

Amma tekun bishiyoyin da ake gani daga kan dutse bai kai wannan tsufan ba. Shekaru ɗari biyu da suka wuce, alkama da sha'ir da inabi da makiyaya sun fi zaitun yawa a nan. Abin ya sauya ne a ƙarni na 19, lokacin da gwamnati ta ƙwace filayen coci daga 1836, da na majalisun garuruwa daga 1855, ta yi gwanjonsu. Masu kuɗi suka saya, suka dasa abin da ke da kasuwa. A 1893 aka kammala layin dogo da ya ratsa Martos, wanda jama'a suka raɗa wa suna jirgin mai, saboda abin da ya fi ɗauka. An rufe shi a 1985, yanzu hanyar masu keke da 'yan tattaki ce. Shekara guda bayan rufewar Sifaniya ta shiga ƙungiyar ƙasashen Turai, tallafin noma ya fara kwararowa, kuma duk gonar hatsin da ta rage aka bi ta da dashe. Ke nan gadon da ake wa biki, rabinsa na kakanni ne, rabinsa na gwanjo da jirgin ƙasa da tallafin Turai.

Bikin yakan ɗauki kwanaki, da taruka da nune-nune da kiɗa, amma ranar 8 ce uwa. Akan zaɓi mutum guda kowace shekara ya yi jawabin buɗewa, ya yabi gari da bishiya da waɗanda suka yi mata wahala. Akan kai furanni gaban mutum-mutumin masu girbin zaitun da ke lambun shaƙatawa na garin. Sai kuma abin da yara suka fi turereniya a kai: matse man fari da tsohuwar na'urar hannu, a fili, kowa na kallo.

Da farko an niƙa 'ya'yan zaitun har da ƙwallonsu, sun zama ƙullu mai duhu. Sai a ɗauko wasu faya-fayai zagayayyu da aka saƙa da wata ciyawa mai ƙarfi da ake kira esparto, a shafa ƙullun a kan ɗaya, a ɗora wani, a shafa, a ɗora, har su yi tsiri. Daga sama akwai ƙaton dunƙulen ƙarfe mai zare. Maza su kama sanda su riƙa zagayawa da ita, dunƙulen yana sauka a hankali, faya-fayan suna ƙara. Da fari ba a ganin komai. Can sai gefen tsirin ya fara naso, ruwa mai duhu ya gangaro haɗe da zaren mai kore-kore, ya taru a kasko. Idan aka bar shi ya kwanta, ruwan ya yi ƙasa, man ya taso. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mata masu matsar gyaɗa don ƙuli-ƙuli zai gane wannan jira da wannan murzar, sai dai a nan ba a soya komai, ba a kusantar wuta. Man zaitun ruwan 'ya'yan itace ne kawai, kuma kilo huɗu zuwa biyar na 'ya'yan ke ba da lita guda.

Da wuya a sami masana'antar da ke aiki haka yanzu. A manyan wuraren matsa na ƙungiyoyin gama-kai, inji ne ke farfasa 'ya'yan, wani ya cuɗa ƙullun, wani kuma ya juya shi da gudun tsiya har mai ya rabu da dusa, cikin awa biyu an gama. Ƙwallon da aka farfasa ma ba a zubarwa, shi ake ƙonawa a ɗumama gidaje da makarantu. Faya-fayan esparto sun koma ado a bangon gidajen abinci. Ba abin kuka ba ne: tsofaffin faya-fayan suna riƙe tsami daga matsa zuwa matsa, kuma 'ya'yan sukan yi makonni a jibge a tsakar masana'anta suna ruɓewa kafin layi ya zo kansu. Man kakanni, in za a faɗi gaskiya, bai kai na jikoki kyau ba.

Wahalar kakannin ce ba ta da na biyu. Girbi yakan faro ne bayan hutun addini na 8 ga Disamba, dalilin da ya sa aka ɗora bikin a ranar, ya kai har Fabrairu ko Maris, wato tsakiyar hunturu. Iyali gaba ɗaya ake fita, a cire yara daga makaranta, wasu su tare a ɗakunan gona na mai ƙasa har a gama. Maza ke riƙe dogayen sanduna suna kakkaɓar rassa daga safe zuwa yamma, wuya a ɗage, kafaɗa na zogi. Mata kuwa a durƙushe suke wuni, suna jan gwiwa a ƙasar da raɓa ta daskare a kanta, suna tsintar abin da ya zuba ɗaya bayan ɗaya suna jefawa a kwando. Don kada farce ya tsage, sukan sa ƙoƙon 'ya'yan itacen oak a kan yatsu. Akan hura wuta a bakin gona a gasa duwatsu, mace ta ɗauki ɗaya ta jefa a aljihu, in yatsu sun ƙage ta damƙe shi su saki. Ladanta kuma bai kai na namiji ba. Bayan an tashi daga gona sai talakawan da ba su da komai su shiga kala, idan mai gona ya yarda. Idan bai yarda ba, ɗan sanda ke raka su.

Mawaƙin nan Miguel Hernández ya zauna a Jaén a 1937, ana tsakiyar yaƙin basasar Sifaniya, ya rubuta waƙa a kan waɗannan mutane, inda ya tsaya a bayan masu gumi ya juya wa masu ƙasa baya. Ya mutu a kurkukun Franco, mai mulkin kama-karya, a 1942. Yau waƙar ita ce taken lardin a hukumance, ana rera ta a gaban manyan baƙi, har da jikokin waɗanda aka yi ta dominsu da jikokin waɗanda aka yi ta a kansu. A shekarun 1950 da 1960 dubun-dubatar 'yan lardin suka gaji, suka ɗaure kaya suka nufi Barcelona da Madrid da Jamus. Saboda haka lokacin da aka ƙirƙiro bikin Martos a 1981, shekara shida kacal bayan mutuwar Franco, ba ƙaramin abu ba ne gari ya kai furanni gaban siffar lebura, magajin gari ya tsaya ya ci burodi mai rami a tsaye kamar kowa.

Sai dai ranar da kanta ta fara zama tarihi. Ana cewa 8 ga Disamba ce buɗe girbi, alhali kafin ta zo manyan motoci sun yi makonni suna sauke kaya a masana'antu. Masu neman mai na sahun gaba tun Oktoba suke tsinka, 'ya'yan suna kore shar. Man da ake samu a lokacin kaɗan ne, wani lokaci bai fi rabin na Janairu ba, amma ƙamshinsa kamar na ɗanyen ganye, kuma kuɗinsa ninki ne. Doka ta ce kafin a kira mai da sunan daraja ta ɗaya, tsaminsa kada ya wuce kashi 0.8 cikin ɗari, masu ɗanɗano kuma kada su sami aibi a cikinsa. In za a rubuta cewa da sanyi aka fitar da shi, zafin ƙullun kada ya kai digiri 27. 'Ya'yan da suka faɗi ƙasa, irin waɗanda matan da suka tsinta a durƙushe, mansu ba ya shiga wannan aji, sai an kai shi matata. Jaén ta daɗe tana sayar da manta a tanka-tanka ga 'yan kasuwar Italiya, su zuba a kwalba su liƙa sunansu su ci ribar. Girbin wuri yana cikin hanyoyin da take bi ta ƙwato sunanta, har hukumar lardin ta ƙirƙiro wani bikin daban na man fari a 2014, wanda ke zagaya garuruwa tun kafin Disamba ta kama.

Sannan ga sama. A watan Mayun 2022 zafi ya sauko daidai lokacin da bishiyoyi ke fure, ya ƙone furen, ruwa kuma ya ƙi zuwa. Sifaniya da ta samar da kusan tan miliyan ɗaya da rabi a kakar da ta gabata, sai ta tashi da kimanin tan 665,000. Shekarar da ta biyo ma ba ta gyaru sosai ba. Farashin kilo a bakin masana'anta, wanda ya saba yawo a wajen Yuro 3, ya haura Yuro 8. Kantuna suka fara ɗaure kwalaben mai da sarƙa da makulli, ɓarayi suka riƙa shiga gonaki da dare, gwamnati ta cire harajin saye a kan man gaba ɗaya na wani lokaci a 2024. Mai karatu zai ɗauka manomi ya yi arziki. Wanda ke da ban ruwa ya samu. Wanda gonarsa ke jiran sama, tsadar abin da ba ka da shi ba ta ƙara maka komai. Ɗan ƙwadago kuwa kwanakin aikinsa ne suka ragu, don bishiyar da ba ta yi 'ya'ya ba ba ta neman mai kakkaɓa.

Akwai kuma abokin gaba da ya fi fari haƙuri. A filayen da ke kwance na kwarin Guadalquivir da kudancin Fotugal, inda dam ɗin Alqueva ya kawo ruwa, ana dasa zaitun kamar shinge: ƙananan bishiyoyi 1,500 zuwa 2,000 a hekta guda, maimakon kimanin 100 na tsohuwar gona. Inji ɗaya ke hawa kan layin ya tsinke shi yana tafiya, mutum biyu su yi aikin da ke cin ayari guda. Tsohuwar bishiyar Martos mai gindi biyu ko uku, a kan gangare, ba ta shiga bakin wannan inji, kuma kilo ɗaya na manta ya fi tsadar samarwa nesa ba kusa ba. Shi ya sa da aka nemi UNESCO ta sa gonakin zaitun na Andalusiya cikin kayan tarihin duniya, bayan shekaru ana shirya takardu, dubban manoman lardin suka ce ba su yarda ba, aka janye neman a 2024. Tsoronsu shi ne a ɗaure musu hannu, a hana su tumɓuke tsoho su dasa sabo ranar da lissafi ya ƙi. Mutanen birni sun yi ta mamakin yadda mutum zai ƙi a karrama gonarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Martos ɗin kanta, wurin da ya fi ɗaukar ma'aikata ba masana'antar mai ba ce, kamfanin Valeo ne mai ƙera fitilun mota.

To wa ke cin guzuri a gindin bishiya yau? Ba matan da ake yabo a jawabin biki ba. Da injin girgiza bishiya ya zo, da injin hura iska mai tara abin da ya zuba, da manyan tarunan da ake ja da ƙarfi, masu gona suka fara cewa maza suke so. Mata da yawa suka rasa gurbi a ayarin girbi, kuma rashin ya wuce na ladan yini: a Andalusiya sai ma'aikacin gona ya nuna ya yi kwana 35 yana aiki kafin ya sami tallafin zaman banza na sauran shekara, adadin da gwamnati kan rage a shekarun fari. Macen da ba a ɗauka girbi ba ta yi asara biyu.

Gurbin da ya rage, wani kaso mai yawa nasa baƙi ne ke cikewa: 'yan Maroko da Aljeriya, 'yan Senegal da Mali da maƙwabtansu, da 'yan Romaniya. Tun Nuwamba suke sauka a tashoshin mota na Jaén da Úbeda da Martos, jaka a kafaɗa. Ladan yini na awa shida da rabi yana wajen Yuro 60 a yarjejeniyar lardin, ga mai takarda ke nan. Marar takarda abin da aka miƙa masa shi ne nasa. Majalisun garuruwa, har da Martos, suna buɗe masaukai na wucin gadi, amma kwanaki ƙalilan ake ba mutum ya nemi aiki, kuma gadajen ba sa isa a shekarar da aka yi amfani. Sauran sukan kwana a tasha, ko a rumfar injin cirar kuɗi, ƙungiyoyin agaji irin su Cáritas da Red Cross suna bi da barguna da abinci mai zafi. A Disambar 2016, a ƙauyen El Mármol na wannan lardi, gobara ta kashe 'yan Afirka ta Yamma uku a garejin da aka ba su su kwana.

Ba na cewa mutanen Martos munafukai ne. Wanda ke kuka a gaban mutum-mutumin nan kakarsa yake tunawa, kuma yana da gaskiya. Amma biki ya fi iya karrama wahalar da ta wuce, don ba ta neman ƙarin lada, ba ta neman ɗaki mai ɗumi. Idan ranar 8 ta zo babu ruwan sama, ayari da yawa ba sa hutu, don kowace busasshiyar rana a Disamba kuɗi ce. Lokacin da layi ke tafiya a cikin gari, ana jin ƙugin injin girgiza daga gangaren da ke bayan gari, kuma masu jan tarun a can sau da yawa Bambaranci ko Wolof ko Larabcin Maroko suke yi a tsakaninsu.

Idan girbi ya ƙare a Janairu ko Fabrairu, wasu masu gona har yanzu suna yi wa ayarinsu walimar tashi kamar yadda aka gada, a ci a sha a yi sallama. Daga nan masaukai su rufe. Baƙin su hau mota zuwa Huelva tsinkar strawberry har Mayu, su wuce Lleida da rani don 'ya'yan itace, su gangaro La Mancha a Satumba yankan inabi, kafin Nuwamba ta sake juyo da su kudu.